Ba a Taɓa Mai Saɓa

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na huta ba. A bakin masallaci tambaya, a bakin rijiya tambaya, har wanzami ya ɗora mini aska a ka yana cewa, "Habu, yaya Kanon? Ina kuma Isuhu?" Ta farkon ba ta da wuya. Ta biyun ce ba na iya amsawa, shi ya sa kuke ganin ina kauce muku da zancen motoci da dogayen gine-gine. To yau zan faɗa sau ɗaya, daga fitata har dawowata, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ga wanda bai san gidanmu ba, Isuhu ƙanena ne, ciki ɗaya. Ya bar garin nan shekarar da hatsi ya ƙone a tsaye, yana siriri kamar sillen kara, sanye da taguwar saƙi wadda Inna ta kaɗa zarenta da hannunta. Da fari wasiƙa tana zuwa, daga baya ta ɗauke, har aka yi damina huɗu da tafiyarsa. Inna kuwa yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa, kuma abu ɗaya ne yake cin ranta: wai yunwa tana cin yaron nan a birni. Da muka gama ɗaure dammuna bana ta kira ni ta ce, "Ka je ka zo mini da shi. Ba sai na gan shi ba, in dai taɓa shi in ji ko akwai nama a jikinsa." Ni kuma da zafin kan da kuka san ni da shi, na bugi ƙirji a gaban jama'a na ce ko a ɗaure sai na kawo shi.

Guzurina buhun soyayyiyar fara ne, don kamun fara gadonmu ne. Marigayi Baba ya koya mana ita tun tana ɗango, kafin ta yi fiffike. Yakan ce fara ƙashinta a waje yake, naman a ciki, kuma ƙashin nan ba ya girma. Idan ta ci ta cika rigar ta matse ta, sai ta daina ci, ta hau kara ta rataye kanta a ƙasa, ta yi ta haɗiyar iska tana kumbura har rigar ta tsage a gadon baya. Daga nan ta riƙa zare jikinta a hankali, ƙafa bayan ƙafa, ta fito da laushi tiɓis, launinta a koɗe, ba gudu ba tsalle, sai iska ta busar da ita ta yi ƙwari. Haka za ta yi kamar sau biyar, a na ƙarshe fiffike ya fito. Tsohuwar rigar kuwa, wato saɓar, tana nan maƙale a kara da idonta da ƙafafunta, wanda bai sani ba sai ya kai mata cafka. Dokar Baba ɗaya ce: ba a taɓa mai saɓa. In ka ja ta don ka taimake ta, ƙafa za ta tsinke a cikin tsohuwar riga, fiffike ya bushe a cukurkuɗe. Ba ta koma ɗango ba, ba ta kuma tashi sama ba.

Na hau babbar mota a Matamaye, a saman buhunan kanwa. A bakin iyaka masu kakin ƙasarmu suka duba takarda suna Faransancinsu ta hanci, muka ƙetara, na can kuma suka sauke mu duka. Wani mai kaki ya zura hannu cikin buhuna ya shinshina, na ce shi ke nan, guzuri ya tafi. Sai ya ce, "Da yaji?" Na ce da yaji har da lemun tsami. Na cika masa hula, ya yafuto abokinsa, suka yi mini addu'ar sauka lafiya. Kusa da ni a motar akwai wata Hajiya mai fataucin atamfa, ta lura duk inda aka tsaya sai na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina gaisarwa. Ta ce, "Ɗana, in ka shiga Kano ka rage gaisuwar nan, in ba haka ba rana za ta faɗi ba ka bar tasha ba." Bayan Daura taya ta fashe, muka yi azahar da la'asar a gindin gawo. Wajen Kazaure kuma ƙusa ta farke mini buhu, fara ta watse a motar. Kowa ya taya ni tsincewa, Allah ya saka musu, amma rabin taimakon da baki aka yi shi.

Wasiƙar Isuhu ta ƙarshe daga Bompai ta fito, don haka can na fara nufa. Unguwa ce da ba ka ganin gida, sai katanga da sito da manyan motoci suna ta gurnani. Maigadin siton da nake nema Buzu ne, da ya ji harshena ya san na gida ne, ya shimfiɗa mini buzunsa ya ɗora shayi. Ya ce Isuhu ya yi dako a nan wata shida, ya koma Sharaɗa wajen masaƙa. A rumfarsa na kwana. Da safe ya ba ni burodinsu, wanda ba kamar namu mai tsawon sanda ba ne. Nasu laushi gare shi da zaƙi, in ka matse shi a hannu sai ya koma loma ɗaya. Ina cikin ci wata ƙara ta tashi wadda ta sa na zubar da shayi. Ya yi dariya ya ce jiniya ce. A can ba rana ce take gaya wa mutum lokacin aiki ba, ƙarfe ne yake kuka, mutane su taso da gudu a kan kekuna.

A Sharaɗa na yi abin kunya na farko. Na iske maza sun fi ashirin a tsugune a jikin katangar wata masaƙa, kowa ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Na cire takalmi na matsa na ce, "Yaya aka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan musulmi." Suka dube ni, sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce, "Malam, ba a mutu ba tukuna, aiki muke jira." Ashe haka suke yi kullum, su zauna har heluma, wato shugaban leburori, ya leƙo ya nuna mutum biyu ko uku da yatsa, saura su watse. Na yi dariya tare da su, ban san zan zauna irin zaman nan ba. Wata mai sayar da garau-garau a bakin ƙofar, shinkafa da wake ke nan da mai da yaji, ita ta gane wanda nake nema, ta ambace shi da sunan da suke kiran 'yan ƙasarmu. Ta ce, "Ɗan Faranshin nan mai kunya? Ya daɗe da komawa Chalawa, kamfanin fata. Ba sai ka yi tambaya ba, bi wari."

Gaskiyarta. Majemanmu na gida da bagaruwarsu da tokarsu turare suke yi in aka gwada da Chalawa. Aka nuna mini gidan wani dattijo, Malam Audu, manomi ɗan asalin wurin, wanda kamfanoni suka zauna a kan rabin gonar ubansa, shi kuma ya yi ɗakuna yana saukar da ma'aikata. Ya karɓe ni da fura, yana tsokanata da wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, wai yunwa ce ta koro ni. Bayan la'asar wani ƙato ya yi sallama, da takalmin roba har gwiwa. Na amsa na kau da kai ina jiran ƙanena. Sai ƙaton ya tsuguna a gabana ya ce, "Yaya."

Wallahi sai da na yi hawaye. Kafaɗu sun buɗe, wuya ya cika, murya ta yi kauri. Hannuwansa ne kawai suka ba ni tausayi, duk sun tsattsage. Ya ce aikin rami ne: ana jiƙa fatu a ruwan farar ƙasa don gashi ya saki, su kuma su shiga su jawo su, jiƙaƙƙiyar fatar sa kuwa ta fi buhun hatsi nauyi. Na tambaye shi dalilin ɗauke wasiƙa. Ya sunkuyar da kai ya ce kunya ce, yana ta yawo daga ƙofa zuwa ƙofa yana leburan yini, ba shi da labarin da zai aika. "Amma yanzu, Yaya, shekarata biyu a rami, heluma ya ɗora ni a kan injin kankare fata, gwaji na wata uku. Saura sati uku. In na haye za a ba ni katina na dindindin, har da hutu. Da babbar salla zan zo da ƙafata."

Na ce, "Inna ba babbar salla ta aiko ni ba."

Ya ce, "Ka yi mini haƙuri, Yaya."

Na kawar da zancen, don ba girmana ba ne in tsaya ja-in-ja da ƙanena. Amma gaskiyar da zan gaya muku yau ita ce, ba Inna kaɗai nake tunani ba. Ƙirjin nan da na buga a gabanku shi ne ya fi damuna.

Washegari bayan Isuhu ya bi jiniya, na ji Malam Audu yana salati a bayan randa. Na je na tarar ya ɗaga takalmi. Ya ce, "Zo ka ga zabiyan kyankyaso, wannan ba alheri ba ne." Na riƙe masa hannu na ce, "Ku dakata, Malam, ku duba da kyau." Kyankyaso ne a jikin bango, rabinsa ya fito fari kamar tsagin rogo, rabinsa yana cikin tsohuwar baƙar rigarsa da ta tsage a baya. Na ce ba zabiya ba ne, saɓa yake yi, kafin la'asar zai rine ya koma kamar 'yan'uwansa. Haka kunama take yi, haka gizo-gizo, duk mai ƙashi a waje ba shi da hanyar girma sai wannan. Malam Audu ya ɗauko tsinke wai bari ya taya shi fitowa. Na ce, "A'a, ba a taɓa mai saɓa," na kwashe karatun Baba duka na karanta masa. Muka tsuguna mu biyu, manya da mu, muna kallon kyankyaso yana zare ƙafarsa ta ƙarshe. Ya ce, "Ashe Badamagare ya san wani abu ban da shan hura." Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Da wannan jin daɗin na fita na sayi goro. Kun san yadda muke yi a nan. In ƙanenka yana ƙarƙashin wani, ko maƙeri ko baduku, kuma gida na bukatarsa, ba yaron za ka tsaya roƙo ba. Goro za ka ɗauka ka je wajen ubangidansa, babba da babba, ka ce a ba ka aronsa. Shi kuma ya sa albarka, in yaro ya dawo ya tarar da mazauninsa. Ni a ganina mutunci zan yi wa kowa.

Na sami heluman a lokacin hutun azahar, wani mutumin Gumel ne mai suna Malam Tanko, mai furfura a gemu, ba shi da hayaniya. Na ajiye goro da sauran farar da ta tsira daga Kazaure, na gaishe shi, na ce tsohuwarmu ba ta gani, tana neman ɗanta, na zo a sallame shi mu tafi.

Ya dube ni ya ce, "Kai ne wansa?"

"Ni ne."

"Ka san saura sati uku ya gama gwaji? Da yawunsa ka zo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gidanmu yawuna yawunsa ne."

Ya ce, "To, uwa ta fi inji." Ya kira akawu ya yi rubutu a wata takarda, sannan ya taka zuwa bakin ƙofa, inda mutane suke tsugune kamar na Sharaɗa, ya nuna ɗaya da yatsa. Ya dawo ya ce mini, "An sallame shi. Allah ya ba tsohuwa lafiya." Ni kuwa na yi ta godiya, har ina cewa a raina ashe mutanen kamfani ma sun san ya kamata.

Isuhu ya shigo gida tun jiniya ba ta yi kuka ba, ƙafarsa ba takalmin roba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana duban hannuwansa. Can ya ce, "Yaya, an ce ni na aiko ka."

Na ce, "Aronka na karɓa. In ka ga Inna sai ka dawo kan injinka."

Ya ce, "Nan ba a ba da aro. In an sallame ka, an sallame ka. Injin yana hannun wani tun ɗazu." Sai ya kife fuska a gwiwa. Ƙato kamar wannan, kafaɗunsa suna rawa.

Malam Audu yana gefe yana gyaran igiyar guga, ya ji komai. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kai da ka hana ni taɓa kyankyaso da safe."

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Na tashi na leƙa bayan randa, ban san me nake nema ba. Kyankyason ya rine ya yi tafiyarsa, saɓar ce kawai a manne a bango.

Kwana uku na yi ina zuwa ƙofar kamfanin nan tun da sassafe, ina tsugune a cikin masu jiran yatsa, ni Habu da ban taɓa roƙon kowa ba. Malam Tanko yakan wuce, in miƙe, ya ɗaga mini hannu ya shige. A rana ta uku Malam Audu ya sa babbar rigarsa ya raka ni, don a gidansa Malam Tanko ya fara sauka lokacin da shi ma ya zo neman aiki. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya na yi. Yaron bai aiko ni ba, bai ma san na zo ba. Al'adar garinmu na kawo inda ba a yin ta. In akwai hukunci, a kaina ya kamata ya sauka."

Ya ce, "Ai na tambaye ka."

Na ce, "Kun tambaye ni."

Ya murza goro a hannu. Sannan ya ce takarda ta riga ta shiga ofis, ba shi da ikon fito da ita. Wanda aka ɗora a injin kuma daga rami aka ɗauko shi, na bakin ƙofa ya maye gurbinsa a ramin, shi ma yana da uwa, ba zai sauke shi ba. Abin da zai iya ɗaya ne: Isuhu ya koma rami a matsayin leburan yini, kamar yau ya fara. In wani inji ya samu nan gaba zai tuna da shi, amma bai yi alkawari ba.

Da na kai wa Isuhu wannan amsa sai na ce, tunda abin ya riga ya lalace, ya zo mu tafi gida kawai. Ya ce, "In na bi ka yanzu, Yaya, da me na koma? Shekara huɗu, ba gona ba inji. Zan koma ramin." Bakina ya buɗe zai yi irin maganar da ya saba, na rufe shi. Wannan karon ban ja ba.

Ranar da zan taho, ina naɗe tabarma na ga wani abu a rataye a ƙusa bayan ƙofa. Taguwar Inna ce, wadda Isuhu ya bar gida da ita, a wanke tsaf, har yanzu da shatin ƙananan kafaɗunsa na da. Na juya ta na ga ta tsage tun daga wuya har tsakiyar baya. Ya ce bara ya gwada sa ta ranar salla, yana sunkuyawa ta yage, ya kasa yarwa. Na ce ya ba ni. Ya raka ni bakin titi da sabon takalmin roba a ƙafarsa, na rami. Na ce, "Ka yafe mini." Ya ce, "Haba Yaya, ka gaida Inna," jiniya ta yi kuka ya juya da gudu.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Ban gaida kowa ba, ban kuma san inda aka tsaya ba.

Na iske Inna a tsakar gida tana ɓarar gujiya. Ta ji takuna ta karkata kai tana sauraron na biyu. Da ba ta ji ba ta ce, "Kai kaɗai?" Na zauna a gabanta na gaya mata komai, da goron, da yatsan heluma, da ramin da na mayar da ɗanta. Ban rage ko ɗaya ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce, "Ɗan mai kamun fara da kai." Sannan na ɗora mata taguwar a cinya.

Ta shafa ta, ta gane zarenta tun kafin in yi magana. Ta kai ta hanci. Ta auna kafaɗun da taƙi, yatsunta suna tafiya har suka faɗa cikin tsagar nan ta baya, suka bi ta daga wuya zuwa ƙasa, suka sake hawowa.

Ta ce, "Ƙaya ce ta kama ta?"

Na ce, "A'a, Inna. Ta yi masa kaɗan ne."

Ta daɗe da hannu a cikin tsagar. Sannan ta ninke taguwar ta sa a ƙarƙashin cinyarta, ta jawo ƙwaryar gujiyarta.

Ta ce, "To yana ci ke nan. Kada wanda ya ƙara taɓa mini shi."